Na Goma Sha Biyu a Jerin Baffa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa, ƙanen mahaifina, ya rasu wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar damina, gero ya riga ya fi mutum tsayi. Bai yi jinya ba. Ya sha kokonsa, ya shiga ɗakin aikinsa na ɗan lokaci, ya fito ya ce wa Inna, matarsa, ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Ya kwanta, shi ke nan. Kafin la'asar mun dawo daga makabarta.

Mutanen gari sun yi masa irin addu'ar da ake yi wa mutumin kirkin da ba a gane sana'arsa ba. Malam mai tafireta suke ce masa, ko da yake rabonsa da tafireta tun gashina yana baƙi. A rana ta biyu motoci suka fara shigowa daga birni, suna ratsa kwata suna korar kaji. Daktoci ne da malaman jami'a, wasu da tumbi, wasu da furfura. Ɗaya daga cikinsu ya zauna a tabarma ya yi kuka sosai, yana cewa ba don tsohon nan ba da har yau yana gyaran shafin farko na kundinsa. Liman ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Malam, wai me yake yi musu ne haka?"

Na ce, "Sunaye yake gajarta musu."

Ya ɗan juya maganar a ransa. "To. Allah ya sa ibada ce."

A cikin gida kuwa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda idonta ya tafi, ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa lalubar gefen tabarma tana maimaita abu ɗaya: "Yanzu wa zai san inda za a same mu?"

Yaya bai samu jana'iza ba, yana birni. Shi ne babban ɗan wan su Baffa, babba a cikinmu 'ya'ya. Da ya iso ranar Juma'a ya yi gaisuwa kamar yadda ya kamata, ya shafa fatiha, sannan ya ja ni bayan rumbu.

"Wa ya ce a sa shi a can?"

Can ɗin da yake nufi wani zirin fili ne a gabashin makabartarmu, tsakanin tsohuwar aduwa da gonar da Yaya ya gada. Babu tudun kabari ko ɗaya a wurin, ruwan shekaru ya baje komai. Tun da birni ya fara tahowa ta wajen Ungogo yana cin gonaki yana kasayar da bulo, Yaya ya ce zirin nan na gonarsa ne. Ya kafa turakun siminti, ya samo masu saye. Baffa ya ce akwai mutum goma sha ɗaya kwance a ƙarƙashinsa, cikinsu har da mahaifiyata. Dagaci ya sa Asabar ta makon gaba a haɗu a wurin, kowa ya zo da hujjarsa. Hujjar Baffa wani littafi ne da yake bugawa. Ya rasu bai gama ba, kuma a cikin zirin aka binne shi.

Bari in faɗi ko wane ne shi, don masu motocin nan sun san rabi, mutanen gari sun san ɗaya rabin, kuma babu wanda ya haɗa.

Ya yi aikin buga takardu a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Maimakon ya zauna a dakali yana gyara wa gwamnati kuskure kamar sauran tsofaffi, sai ya kama ɗan shago a Rijiyar Zaki yana buga wa ɗalibai kundin digiri. A can wani malamin lissafi ya koya masa wata manhaja, yana da shekara sittin da wani abu. Ba irin wadda kake dannawa kana ganin shafi ba ce. Rubutu kake yi da umarni a cikinsa, sannan ka ce mata ta haɗa, ta fito maka da littafi tsaf. Baffa saƙa yake ce wa wannan haɗawar. Da gwiwa ta fara ba shi wahalar hawa mota, ya dawo da shagon gida, ya ɗora sola a kan kwano, ɗalibai suka riƙa biyo shi har ƙauye.

Abin da ya shahara da shi taƙaitattun sunaye ne, irin haruffa ukun nan ko huɗu da masu ilimi ke cika takarda da su don kada a gane su da wuri. Yana da fayil guda ɗaya da yake kira Uwa. A cikin Uwa kowane suna yana da layinsa: ga haruffansa, ga cikakkensa. Idan ana rubutu ba ya buga haruffan da hannu, ambaton layin yake yi, manhaja ta ɗauko. Karon farko da aka ambaci abu za ta rubuta shi cikakke, haruffan a gefensa. Daga nan sai ta riƙa sa haruffan kaɗai. A ƙarshen littafi ta jera duk waɗanda aka ambata, bi da bi. Wanda ba a ambata a cikin rubutu ba, ko yana cikin Uwa, ba ya fitowa a jerin.

Wannan tsari na mutanen da suka ƙera manhajar ne, amma Baffa ya riƙe shi kamar wasiyyar kaka. "Baƙo ba ya shigo maka zaure ka kira shi da laƙabi," in ji shi. "Ka fara ba shi sunansa duka, sannan ku saba." Kowane sabon babi sai ya sa manhajar ta manta, ta sake kawo sunan cikakke, wai sabon babi sabon zaure ne, sai an sake sallama. Ba ya sa ɗigo tsakanin haruffa, ya ce ba tsaba yake shukawa ba. Yakan rage tsayin manyan baƙaƙen kaɗan don kada su yi wa shafi ihu. Da ya lura manhajar tana jefa masu fara da Ɓ da Ɗ da Ƙ can ƙarshen jeri kamar waɗanda suka zo biki ba gayyata, ya yi mako guda yana bi layi layi yana nuna wa kowa mazauninsa.

Haka yake da mutane. Tsohon da ke mana haƙan kabari, kowa da wani laƙabi yake kiransa, laƙabin kuma ba mai daɗi ba ne, har yara sun ɗauka sunan yanka ne. Baffa kaɗai ne, duk safiyar da suka haɗu, zai tsaya ya kira shi da sunansa da na ubansa da na kakansa, sannan ya tambaye shi kwanan iyali. Na taɓa ganin tsohon yana zagayowa ta ƙofar gidanmu da safe alhali ba hanyarsa ba ce.

Rigima kuwa, wadda na gani da idona da Daktan nan mai kuka aka yi ta, lokacin yana ɗalibi. Ya ba abu biyu haruffa iri ɗaya a kundinsa, wani sinadari da wata hukuma. Baffa ya ce sai ɗaya ya tashi.

"Baba, ai mai karatu zai gane daga yanayin maganar."

"Mutum biyu ba sa kwana a rami ɗaya."

An sasanta wannan. Sai yaron, da yake mai kaifin kai ne, ya ce zai nuna wa Baba wata dabara. Akwai umarni guda, layi ɗaya tak, da zai sa manhaja ta fito da duk abin da ke cikin Uwa, an ambata ko ba a ambata ba. Ya miƙa hannu zai buga. Ban taɓa ganin Baffa ya yi sauri irin na ranar ba. Ya rufe kwamfutar a kan yatsun yaron, ya miƙe tsaye.

"Ba a ɗakina ba."

Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba. Muka ce tsufa ne.

Littafin makabarta ya samo asali ne daga taswira. Kaburburanmu na da ba su da allo, daga reshe sai fasasshiyar tukunya, su ma damina biyu ta ishe su. Baffa ya fara bin tsohon mai haƙa duk safiyar Juma'a, tsohon yana nunawa, shi yana ƙirga taku daga gindin aduwa. Takarda ba ta ɗaukar sunaye, sai ya ba kowane mamaci haruffa, ya shigar da shi cikin Uwa, ya ƙara masa gurbi na uku: taku kaza gabas, taku kaza kudu. Sannan ya rubuta wa kowa 'yar sakin layi, wane ne shi, me ya shuka, wa ya bari. Da an ambace shi a nan, sai ya faɗa jerin da ke bayan littafi tare da takunsa.

Ni malamin sakandare ne, kuma Baffa ya koya mini manhajar daidai yadda zan buga takardun jarrabawa. Ranar Litinin, bayan an tashi daga zaman makoki, na shiga ɗakinsa na buɗe kwamfutar na saƙa littafin. Ya fito da kyau, jerin ya cika shafi shida. Na bi shi da yatsa sau biyu. Babu mahaifiyata. Babu ko ɗaya daga cikin goma sha ɗayan. Babin gabas kansa, wato na zirin nan, suna kawai gare shi, kuma Baffa ya sa masa alamar da ke hana shi shiga littafin.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Duk sanda ya zo kansu sai ya tashi ya ce zai duba akuya." A damina ɗaya suka tafi, shekarar da amai da gudawa ya shigo garin, ina ɗan shekara ɗaya. Biyu daga ciki 'ya'yanta ne. Shi ya ɗauki makarar kusan kowannensu.

To, saura kwana biyar, ni kuma mutum ne mai karatu, wato mai neman gajeriyar hanya. Na san suna cikin Uwa da takunsu. Na tuna dabarar Dakta. Da azahar ce, rana tsaka, gari ya yi tsit, kowa yana gona ko yana barci. Na buga layin, na saƙa, na tura wa firinta ba tare da na duba ba.

Ta fara fitar da takarda ba ta tsaya ba. Na ɗauki ta farko, na ga kakanmu da takunsa. A ƙarƙashinsa na ga Liman, wanda ya ja mu sallar asuba a ranar. Na ga Dagaci. Na ga mai shayin bakin titi, da tagwayen da aka haifa wa Yaya bara, tsakanin wata da ta rasu kafin a haife ni da wani da muka binne da bazara. Duk garin ne, matattu da masu rai, an jera su bi da bi a ƙarƙashin kan da ya ce Mazauna Makabarta. Bambancin kawai, masu rai babu komai a gaban sunansu, fili ne fari. A waje wata kurciya tana ta kuka, firinta tana ta aikinta, ni kuma na kasa ɗaga hannu.

Inna ce ta shigo da kwanon fura. Karatun bokonta bai wuce ta gane sunanta ba, kuma shi ta gane, a takardar da ke hannuna. Ta ajiye kwanon a hankali, ta sunkuya ta zare waya daga bango. Firintar ta tsaya da rabin takarda a bakinta, a tsakiyar jeri. Ba ta kai kan baƙin da sunana ke farawa da shi ba.

"Tun ranar suna yake sa mutum a ciki," in ji ta. "Ya ce don kada wanda zai gaje shi ya sha wahala. Amma ba a fito da mutum haka nan, ɗan nan. Sai an ba da labarinsa."

Na goge layin. Kwana huɗu na yi ina bin gidaje da littafin rubutu. Makauniyar tsohuwar nan ce ta ba ni fiye da rabi. Ta san wadda ke yin daddawar da ake zuwa saye daga Rimin Gado, da wanda ya rasu da sabon takalmi bai taɓa sa shi ba. Game da mahaifiyata ta ce, "Ba ta iya tuƙa tuwo ba ko kaɗan, amma idan tana dariya har gidan nan ake ji." Shekara arba'in ana ce mini Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri. Ranar na fara sanin ta. Inna ta ba ni na 'ya'yanta tana tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba.

Ranar Juma'a da hantsi na rubuta sakin layi goma sha ɗaya a ƙarƙashin kan babin, na cire alamar da ta hana shi shiga, na saƙa sau uku kamar yadda ya koya mini, don jerin ba ya zama daidai a saƙar farko. Na ƙirga sababbin da suka shigo. Goma sha biyu.

Na goma sha biyun haruffa uku ne da na sani tun ina yaro, a jikin akwatin ƙarfensa na zamanin ma'aikata. Ga cikakken sunansa. Ga gurbi na uku a cike: taku goma sha bakwai gabas da aduwa, huɗu kudu. Na koma cikin babin na yi ta gangarawa, na wuce nawa rubutun, na wuce fili mai tsawo babu komai. Can ƙasa akwai layi ɗaya da ban gani ba tun farko. Ya ce wanda ya buga wannan littafi shi ma yana nan, ya ambaci kansa. Uwa kuwa ban taɓa ta ba, kuma kwamfuta ta nuna ranar da aka adana ta a ƙarshe: Alhamis ɗin da ya rasu, da safe.

Na sami tsohon mai haƙa yana wasa gatari a ƙofar gidansa. Na kira shi da sunansa duka. Ya dube ni ya daɗe.

"Baba, Baffa ya nuna maka inda za ka sa shi?"

"Ni? Ai ranar ban yi niyyar can ba, ina ni ina rigimar Yayanku. Kusa da wansa na sara, na tarar da tukunya. Na matsa, tukunya. Na sake matsawa, tukunya. Rana tana yi, mutane suna jira. Na bi gabas ina sara, sai na zo inda diga ta shige kamar an jiƙa mini."

"Taku nawa ne daga aduwa?"

"Ni ba na ƙirge. Shi ne mai ƙirge."

Ranar Asabar aka taru. Maza a ciki, mata a tsaye can bayan shingen gamba inda murya za ta kai. Dagaci ya ce in karanta. Ina karanta suna da labari, wani dattijo yana auna taku yana dasa kara, daga bayan shinge ana amsawa da Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta. Yaya ya harɗe hannu.

"Ranka ya daɗe, takarda ce fa. Wanda ke da firinta ko sarautar garin nan yana iya buga wa kansa."

Aka yi 'yar dariya. Na karanta ta tara, yarinya 'yar shekara takwas. Muryar makauniyar ta taso daga bayan shinge.

"Kai, mai turaku! Wannan ita ta goye ka. Da kai a bayanta ciwon ya kama ta, da ƙyar aka ɓamɓare ka."

Yaya ya dubi wurin. Karan da aka dasa mata yana tsakiyar filotinsa na biyu.

Na karanta na goma sha biyu. Dattijon ya fara daga aduwa, jama'a suna ƙirgawa tare da shi a hankali. Goma sha bakwai. Ya juya kudu. Ɗaya, biyu, uku. Bai yi na huɗun ba, don da ya yi da ya taka sabuwar ƙasa. Turken Yaya na ƙarshe yana tsaye daidai wajen kan Baffa.

Yaya ya matso kusa da ni. "Kai ka rubuta wannan bayan an binne shi."

Ban yi musu ba. Na zaro takardun ranar Litinin daga aljihu, waɗanda na kasa ƙonawa, na miƙa masa shafin da yake ciki. Ya ga kansa. Ya ga tagwayensa. Ya daɗe yana duban farin filin da ke gaban sunansa, har da karkata takardar wajen rana.

"Nawa babu komai?"

"Babu komai, Yaya."

"Ka tabbata?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa, ya naɗe hannun riga. Turaku tara ne, shi kaɗai ya tumɓuke su, bai bari kowa ya kama masa ba. Dagaci ya ce to, ai shari'a ta yanke kanta. Yanzu an kewaye zirin, an dasa bishiyoyi goma sha biyu, Yaya ne ke ba su ruwa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa, wanda bai taɓa rage wa kowa suna ba sai da ya fara cika masa shi. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da waɗanda ya kasa rubutawa. Mu kuma Ka sa a samu mai ba da labarinmu.

Makon jiya aka yi suna a maƙwabta, mace aka samu. Da aka watse Inna ta aiko a kira ni, ta nuna ɗakin da haɓa. "Ka sa ta." Na buɗe Uwa a karon farko, na ba jaririyar haruffanta, na rubuta cikakken sunanta, na bar gurbi na uku babu komai. Ina gangarawa zan adana sai idona ya faɗa kan nawa layin. Sunana dogo ne, da na uba da na kaka, ya cika faɗin allon har ya fita ta gefen dama. Gurbi na uku yana can inda ba a gani. Danna maɓalli ɗaya ne kawai.

Na rufe kwamfutar, na ce wa Inna zan je in duba akuya.